Sorin da Ya Kusa Raba Ni da Injin Casa

Ku samarin da kuke zama a bencin ƙofar injinmu kuna jiran a ɗinke buhu ku ɗora a adaidaita, na sha jin kuna cewa aikin Sabi'u ba aiki ba ne, maɓalli yake dannawa ya koma gefe ya harɗe hannu. Ban taɓa tanka muku ba, don ƙarar inji ba ta barin doguwar magana. To, yanzu na iya riƙe biro, albarkacin ajin manya da muke zuwa bayan la'asar, saboda haka zan ba ku amsa a takarda. Ku karanta a hankali, ni ma a hankali na rubuta.

Buhun farko da aka bar ni na cashe da kaina na Iya Tabawa ne, wata mai gumi da ke bayan kasuwar Kura. Masu gumi su ne matan da ke jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, su turara ta, su shanya, sannan su kawo mana mu raba ta da ɓawonta. Lokacin ina shekara ta uku a hannun maigidana Malam Ado, Allah ya jiƙansa. Shekarar farko ban taɓa inji ba, sai shara da kwasar buntu, wato ɓawon shinkafa, a kwando. Ta biyu aka ba ni juye shanshera a mazubi. Ran da Iya Tabawa ta zo, Malam Ado ya ɗebi ƙwaya uku ya sa mini a tafi, ya ce in ciza. Na ciza, na ce ta bushe. Ya ce to in tayar. Ban kai rabin buhu ba shinkafar nan ta fara fitowa a dagargaje kamar tsakin kaji. Iya Tabawa ta ɗebo a hannu, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ita dai shinkafa ta kawo, ba ta tuna ta ce a niƙa mata garin tuwo ba.

Malam Ado ya kashe inji, ya sake ba ni ƙwaya uku. Ya ce wadda ta bushe daidai, in ka ciza, ƙas take yi ta rabu biyu. Wadda rana ta yi wa yawa tarwatsewa take yi a baki. Mai sauran danshi kuwa haƙori nutsewa yake yi a cikinta. Ta Iya Tabawa rana ce ta yi mata yawa, da na sassauta wuƙar inji, wato ƙarfen da ke matse ƙwaya, da ta fita lafiya. Ya san haka tun farko, ya bar ni ne in gani da idona. Shi ya rama mata rabin buhun daga nasa, ni kuma na yi wata guda ina cizon shinkafa har dasashina ya yi tsami.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Sifana, guduma, gwangwanin giris, bel na ajiya, da maganaɗisun da na ciro daga wata tsohuwar lasifika. Ina da allo a bango, kowace sifana da ƙusarta, kuma na zana siffarta da fenti a bayanta, yadda in ɗaya ta ɓata daga nesa zan ga gurbinta. Amma babban kayan aiki kunne ne. Inji magana yake yi tun safe har yamma. In bel ya saki, kuka yake yi kamar ɗan akuya. In boris, ƙwallayen da ƙarfe ke juyawa a kansu, ya fara cinyewa, gurnani yake yi ƙasa ƙasa kwana biyu kafin ya tsaya. In tsakuwa ta shiga, za ka ji ƙaras ƙaras, ta niƙe ta wuce. In ƙarfe ne, ƙara ɗaya yake yi mai tsini, wadda za ka ji har cikin haƙoranka. Lokacin da kuke ganina a gefe na harɗe hannu, sauraro nake yi.

Bayan rasuwar Malam Ado na koma injin Alhaji Ɗanlami da ke bakin titi, inda kuka san ni. Masu kawo casa iri iri ne, kuma kowa da abin da yake so a ce masa. Manomin Bunkure da ya yi wata huɗu ƙafarsa a cikin ruwan kanal, shi kada ƙwaya ɗaya ta bi buntu, har tsugunawa yake yi a bayan inji yana tonawa. Ɗan kasuwar Kano so yake ta yi fari ƙal, ko da za a goge rabinta. Masu gumi ba sa yarda a haɗa ta wannan da ta waccan, ko da daga gona ɗaya suka saya, sai ka share inji tsaf tsakanin buhu da buhu. Fulani kuwa ba ruwansu da shinkafar, dusa suke zuwa nema wa shanu, su cusa hannu cikin buhu su murza su ji ko an gauraya ta da buntu.

Sai muka shiga muguwar shekara. Ruwan sama ya ƙi ɗaukewa lokacin girbi, shanshera ta yi ta zuwa da danshi, wata har ta fara tsiro a buhu. Mata suka rasa wurin shanya, suka riƙa baza ta a gefen hanya duk sanda rana ta leƙo, ta kwashi yashi da tsakuwa. Tsohon injinmu ba ya raba tsakuwa da ƙwaya. Aka fara dawo mana da buhuna daga Kano. Wani mai sayar da abinci ya aiko a gaya mana wai mu haɗa masa da mai gyaran haƙori a kowane buhu. A lokacin an kafa sababbin injuna a gari masu fitar da tsakuwa, sai mutanenmu suka riƙa wuce ƙofarmu da kayansu suna kawar da kai. Akwai makon da na tayar da inji sau biyu kacal. Sauran kwanakin na wanke shi, na shafa giris, na sake wankewa.

Alhaji ya yi ta haƙuri har rani ya shiga. Sai ga tirela ta sauke akwatuna a ƙofarmu, sabon inji daga Caina, koren fenti yana ƙyalli. Ba inji ɗaya ba ne, jeri ne. Da mai cire tsakuwa, da mai ɓare ɓawo da robobi biyu, da mai goge ƙwaya ta yi fari. Tsakaninsu akwai wani dogon bututu a tsaye, a cikinsa ƙananan bokitai ne a jikin bel suna ɗaukar shinkafa daga ƙasa su kai sama. Shi bututun a haɗe ya zo daga can, ɗaga shi kawai muka yi muka kafa.

Kamfanin ya turo mutumin da zai haɗa shi, wani ɗan Caina mai suna Mista Wan. Gajere ne, zai yi sa'ana, hannunsa duk kanta irin nawa. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin yarensu, Turancin kuma dukanmu a bakin titi muka tsaya. Nawa na tasha ne da kasuwa. Nasa na littafi ne. Yana da wani ɗan ƙaramin littafi a aljihun gaba, kowace kalmar Turanci da fassararta a rubutun ƙasarsu a gefe. In zai yi magana sai ya lashi yatsa ya buɗe, ya nemo kalma, ya faɗe ta ɗaya tak kamar mai ajiye tubali. Da oke, da no, da kam in zai kira ni, da nuni da hannu muka yi mako uku muna aiki, kuma ba mu taɓa saɓawa ba. Ma'aikaci ne na gaske. Ba ya ɗaure noti sai ya goge shi da tsumma. Ran da ya ga allon sifanuna ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ɗaga mini babban yatsa.

Ranar gwaji da hantsi mutane suka cika ƙofa. Na ciji shanshera, na ce a zuba. Mista Wan ya nuna mini makunni, ni na tayar. Buhu uku suka wuce lafiya, shinkafa na zubowa fara, ba tsakuwa ko ɗaya, Alhaji na ɗiba yana nuna wa jama'a. Ana cikin na huɗu na ji ƙarar nan mai tsini daga cikin injin goga. Kafin kowa ya waiga na kashe wuta.

Mista Wan ya kwance murfi. Rariyar ƙarfen da ke kewaye da injin goga ta yage kamar an sa mata wuƙa, ƙarfen tsakiya kuma ya ɓantare a gefe. Ya zura hannu don ya lalubo abin da ya yi ɓarnar, bakin rariyar ya yanke shi a tafi. Jini ya zubo a kan dusa.

Na yi abin da kowane ɗan arziki zai yi. Na kama hannun, na danne da tsumma mai tsabta, na ce masa, "Sori, Mista. Sori, sori."

Ya ɗago ya dube ni. Ya nuna injin da haɓa, ya nuna ni. Ni na ɗauka cewa yake yi ka ga abin da ya same mu. Na gyaɗa kai, na ce, "Sori."

Aka kai shi asibiti aka yi masa ɗinki, aka naɗe hannun da farin bandeji har wuyan hannu.

Washegari da safe Alhaji ya aiko in same shi a ofis. Na tarar da Mista Wan a zaune, ga kuma Malam Tijjani, tsohon malamin makaranta da ke koyar da mu a ajin manya. Alhaji ne ya kira shi ya karanta masa wata takarda da Mista Wan ya rubuta da Turanci zai aika wa kamfaninsu. Makullin akwatin wutar inji, wanda kullum yake aljihuna, na bar shi a jiki saboda ruɗanin jiya. Ga shi a kan teburin Alhaji, ya ɗora hannu a kai.

Malam Tijjani ya karanta yana fassarawa. Takardar ta ce inji lafiyarsa ƙalau, mai kula da shi ne ya bar wani abu ya faɗa ciki, kuma ya amsa laifinsa da bakinsa a gaban jama'a. Saboda haka kamfani ba zai aiko da sabuwar rariya da ƙarfe ba, kuma ba za su ƙara ɗaukar nauyin injin ba muddin mutumin nan ne yake tayar da shi.

Na ce ban amsa komai ba, ban ma san an tuhume ni ba. Malam ya mayar wa baƙon da Turanci. Mista Wan ya ɗaga yatsu huɗu na hannunsa mai lafiya, ya ce na ce sori, sau huɗu, shi ya ƙirga.

Malam Tijjani ya fara dariya, da ya ga fuskar Alhaji ya haɗiye ta. Ya yi wa baƙon bayani cewa a nan in mutum ya ji ciwo sannu ake ce masa, in kuma ba ya jin Hausa sai a ce sori, ba ruwan wannan da laifi. Mista Wan ya saurara har ƙarshe, sannan ya zaro littafinsa ya lashi yatsa. Ya ajiye shi a gabanmu. Karo na farko ke nan da na ga kalmar a rubuce. Na bi ta da yatsa yadda Malam ya koya mana, haruffa biyar, da ra guda biyu a tsakiya. A gefenta ga rubutunsu kamar sawun kaji. Mista Wan ya fito da wayarsa ya buga, ita ma abin da ta ba shi ke nan. Ya ce a wurinsu ma'anarta na yi maka ba daidai ba, kuma mutum ba ya furta ta sai ya yarda ya ɗauki kayan a kansa. Ya ƙara da cewa shi ya ga girmana ma da ban ɓoye ba, ma'aikata da yawa da sun yi shiru. Abin da bai so ba shi ne yau da aka taru ana so a juya maganar don a kare ɗan gida.

Wato yabona yake yi, yabon da zai raba ni da aikina.

Malam ya ce mana littafin bai yi ƙarya ba, Turawan ma in sun faɗe ta ita kaɗai galibi tuba suke nufi. Mu ne muka ɗauko ta muka ɗora mata kayan sannu, ta kuwa ɗauka.

Alhaji ya juya makullin a kan tebur. "Sabi'u, ni na san sori sannu ce, ai ni ma na ce masa jiya. Amma ba ni zan karanta takardar nan a Caina ba. Kuma ko mun bar zancen baki, wani abu dai ya shiga injin nan. Jibi mutumin nan zai tafi. In takardar ta tafi a haka, dole in nemo wani daga Kano, kai kuma ka koma wajen awo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa magariba."

Abin da na fara dubawa allona ne. Kowace sifana tana kan ƙusarta. Kunnena kuma ya riga ya gaya mini ƙarfe ne, ba tsakuwa ba. Ba daga shanshera ya zo ba, don da mai cire tsakuwa ya kama shi, in ya tsere masa kuma da robobi sun nuna tabo, na duba ba ko ƙwarzane. Saura wuri ɗaya tsakanin robobi da injin goga, dogon bututun nan. Na sa tsani na hau, na buɗe 'yar taga da ke sama, na riƙa jan bel da hannu ina shafa bokitan ɗaya bayan ɗaya. Kowane da noti biyu. Na kusa zagayowa na ji wani yana lilo. Noti ɗaya ne a jikinsa, gurbin ɗayan rami.

Rami ba shaida ba ne, ana iya cewa ni na kwance. Sai an ga notin. Na lissafa hanyarsa: ya faɗa injin goga, ya yaga rariya, to ya fita ta inda dusa ke fita. Na je bayan inji, buhunan dusar jiya guda uku babu su. Mai gadi ya ce Jauro, Bafulatanin da ke sayen dusarmu, ya zo da asuba ya ɗora su a jakai ya tafi rugarsa ta wajen Bunkure.

Na koma ofis na roƙi Malam Tijjani ya gaya wa Mista Wan abu biyu. Na farko, abin da ya yaga masa rariya yana cikin buhun dusa a ruga, in yana son gani ya hau bayana a babur. Na biyu, ya riƙe littafinsa da biro, duk wanda ya ce masa sori a hanya ya ja layi ɗaya a bangon baya. Na farkon ne ya tashe shi tsaye, don ma'aikaci ba ya iya barin tambaya irin wannan ta kwana. Na biyun kafaɗa kawai ya ɗaga.

Ba mu bar bakin titi ba aka fara. Mai sayar da fetur a kwalba yana zuba mana ya ga bandeji, ya ce sori Oga. Mista Wan ya dube shi, ya dube ni, ya ja layi. Wani mai faci da ke gefe ya miƙo wuya ya ce sori fa. Ya ja na biyu. Na tayar da babur. Na bi ta cikin gari da gangan, a hankali, kamar mai tallan babur.

A bayan kasuwa muka iske Iya Tabawa, ta tsufa har ta ranƙwafa, tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana korar awaki daga shanyarta. Na tsaya gaishe ta. Ta ƙura wa hannun ido.

"Sabi'u na Ado, kai ka cije shi? Na san ka da cizo."

Na ce inji ne, Iya.

"Sannu, bawan Allah, sannu. Kai, ba ya ji ko? Me ake ce musu ne? Yauwa, sori. Sori, Bature. Gaya masa ya shafa zuma, ya daina sa hannu inda ba a aike shi ba."

Mista Wan ya ja layi, amma wannan karon biron ya daɗe a kan takarda. Ya nuna ta, ya yi alamar juyawar inji da yatsa, yana tambaya ko tana da wata alaƙa da shi. Na ce no.

Muka hau kan gaɓar kanal. Masu dashen shinkafa da ke duƙe cikin ruwa suka ɗago suna ɗaga hannu, wanda ya hango farin bandeji ya ƙwala sori daga tsakiyar gona. A wata 'yar gada muka tarar da wani manomi buhun albasarsa ya zame daga babur ya fashe, albasa na gangarawa cikin ruwa. Na tsaya taya shi tsincewa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce masa sannu, wasu 'yan makarantar sakandare biyu kuma suka ce sori Baba. Na ga Mista Wan ya bi su da kallo har suka yi nisa. Ya dubi manomin, wanda ba wanda ya ture shi, ya dubi littafinsa. Daga nan bai ƙara jan layi ba. Ya mayar da biron aljihu.

Mun isa rugar bayan azahar. Jauro ya riga ya kwance buhu ɗaya zai jiƙa wa shanu da kanwa in sun dawo kiwo. Da na ce masa akwai ƙarfe a ciki, bai tsaya gaisuwa ta biyu ba, ya shiga bukka ya jawo tabarmi. Ya ce saniyar da ta haɗiyi ƙarfe sai wuƙa, Allah ne ya kawo mu. Muka juye buhun farko, na baza shi siriri, na ɗaure maganaɗisuna da igiya ina ja a kai kamar mai huɗa. Ba komai sai ɓurɓushin rariya. Muka juye na biyu. Mista Wan ya tsuguna da hannu ɗaya yana taya ni bazawa, dusa ta mayar da gashinsa fari. Ja na uku na ji ɗas.

Kan noti ne, guntu, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Na miƙa wa Mista Wan. Ya hure shi, ya goge a wandonsa, ya juya shi a rana. Koren fentin kamfani yana nan a kansa lafiya lau, ba alamar bakin sifana ko ɗaya, wato tun da aka fesa masa fenti a can ba wanda ya taɓa shi. Inda ya karye kuwa akwai baƙin rami a tsakiyar ƙarfen, kamar haƙorin da ya ruɓe ta ciki. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki hotonsa ta kowane gefe, ya naɗe shi a takarda ya sa a aljihun da littafin yake. Jauro ya kawo mana nono a ƙwarya, ya nuna hannun baƙon ya ce in yi masa sannu da yarensu. Na ce ya bari, yau ya sha ta ishe shi.

Da muka dawo, da hannu ɗaya Mista Wan ya hau tsanin nan, na riƙe masa. Ya gwada guntun a gurbinsa, ya zauna daram. Ya sa na kawo sifana, muka bi sauran bokitan gaba ɗaya muka canza musu noti da namu na kasuwa.

La'asar sakaliya muka koma ofis, aka kira Malam Tijjani daga aji. Mista Wan ya ɗauki takardar farko ya yaga ta biyu a gaban Alhaji, ya zauna ya rubuta wata. Malam ya karanta mana. Ta ce aibin daga notin da ya zo da inji ne, kamfani ya aiko da rariya da ƙarfe. Ta ce mai kula da injin ya kashe wuta cikin ƙiftawar ido, ba don haka ba da ɓarnar ta cinye injin goga gaba ɗaya, kuma shi ne ya gano musabbabin da kunnensa. Ya ba da shawarar kada a ba kowa injin nan sai shi.

Sannan ya buɗe littafinsa a shafin kalmar, ya miƙo mini da biro. Malam ya ce so yake in rubuta masa tamu ma'anar a ƙarƙashin tasu, don akwai 'yan'uwansa da za a turo ƙasar nan bayansa, kada su faɗa ramin da ya faɗa. Na ce Malam ya rubuta, hannunsa ya fi kyau. Malam ya ce ba shi aka miƙa wa ba. Na gyara zama, na rubuta sannu, harafi bayan harafi, ba wanda ya gaggauta ni. Na ce a gaya masa ana faɗinta ga wanda ya ji ciwo, da wanda ya yi tuntuɓe, da mara lafiya, da wanda ya yi asara, ko kana da hannu ko ba ka da shi. Ba ɗaukar laifi ba ne, ɗaukar rabin zafin ne. In kuwa mutum ya yi laifi da gaske, mu ba ma ɓoyewa a bayan sori, yafe mini muke cewa. Na rubuta masa ita ma a ƙasa. Ya sa Malam ya maimaita masa sau uku, ya yi 'yan zane zanensa a gefe.

Ya rufe littafin, ya miƙe tsaye, ya gyara rigarsa. Ya fuskance ni ya ɗan sunkuyar da kai.

"Sori," in ji shi.

Na ce, "Malam, tambaye shi, wanne daga ciki? Namu ko nasu?"

Bai jira fassara ba. Ya sake buɗe shafin, ya bi rubutuna da yatsa ya wuce layin farko, ya tsaya a na biyu. Ya haɗa baki da ƙyar.

"Ya-fe mi-ni."

Na ce na yafe, duniya da lahira. Na miƙa masa hannu, ya ba ni na hagu.

Alhaji ya turo makullin ta kan tebur har ya taɓa hannuna.

"Ɗauki kayanka, Sabi'u. Amma daga yau, ko rijiya ɗan Caina ya faɗa a gabanka, da Hausa za ka yi masa sannu."